Gefen Hagu na Allon Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida ba sanda, Auta kuma ya koma makaranta.

Yaya, babban allon kwamfutar da ka aiko wa Baba don zanen gine-ginensa ya iso lafiya. Ya yi murna har ya sa aka matsar da teburinsa daga bakin taga don kada rana ta taɓa shi. Sai dai da aka kunna, rubutun ya fito ƙanana kamar jerin tururuwa. Na shiga saiti na ƙara girman komai zuwa kashi ɗari da hamsin, ya ce da saura. Da na kai ɗari biyu, sai tsohuwar manhajar zanensa ta birkice, rubutunta ya yi dishi-dishi, tagar manhajar ta zarce allon, maɓallin ajiye aiki ya nutse can ƙasa inda linzamin kwamfutar ba ya kaiwa. Baba ya yi ta tsokanata, wai an ba ni doki na mayar da shi raƙumi.

Na kira mai gyaran kwamfuta. Ya canja waya, ya sabunta abin da ke sarrafa allon, ya ware wa manhajar nata girman daban. Komai ya zauna daram, ni kaina na gani. Amma Baba ya dage cewa an yanke gefen hagu na tagar, jerin kayan zanen da ke can ya ɓace. Mutumin ya duba, ga su nan reras. Bai musa ba, sai ya rage tagar ya ja ta zuwa dama a hankali. Nan take Baba ya ce yauwa, yanzu sun dawo. Da na raka shi ƙofa, ya rage murya ya ce mini allon lafiyarsa ƙalau, shi kam iyakar gyaransa ke nan, sauran sai likita.

Tun ranar na sa ido, kuma abin da nake gani ya hana ni sukuni. Baba yana cinye rabin kwanonsa na dama ya ce ya gama. Kafaɗarsa ta hagu tana bugun ƙofar ɗaki. Magini ya dawo masa da wani zane saboda bangon hagu babu awo ko ɗaya, Baba da ba a taɓa mayar masa da aiki ba. Na tambayi maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya, fuskarta ta canja, ta ce irin wannan sau da yawa ba daga ido yake ba, daga cikin kai ne, kuma ba a jira da shi. Da na yi wa Baba maganar asibiti ya ɓata rai, ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, laifin allon ne. Inna ba ta sani ba tukuna, ina jin tsoron hawan jininta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya. Har yanzu Baba ne ke kai 'ya'yana makaranta da mota, ta mahaɗar nan da manyan motoci ke ɓullowa ta hagu. Jiya na ɓoye makullin motar na ce ya ɓata. Yau kuma sai na ji yana waya da mai yankan makulli. Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah kada ka tsaya rubuto amsa, ka kira shi da zarar ka karanta.

Inna da Goggo da Auta suna gaishe ku. Ka gaishe mini da Anti, ka shafa mini kan Kyauta da Ƙaramin Baba. Allah Ya sa mu ji alheri.

Ƙanwarka,
Yaya Ƙarama