Ɓawon Gyaɗar Nan Nawa Ne

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ba da Hutun Ƙaro Karatu na kwalejin da 'yata Rabi take koyarwa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya aiki, ya iyali? Sunana Hajiya Uwani mai ƙuli-ƙuli, daga Roni. In ka taɓa sayen ƙuli mai yaji a kasuwar Kazaure har ka lashe yatsa, to mun riga mun san juna.

Rabi, malamar kimiyya a wurinku, ta sami gurbin bincike a wata jami'a. An ba ta zuwa Juma'ar nan ta kai takardar izininku, in ba haka ba a ba wani. Wata biyu ke nan takardar tana kan teburinka. Da na tsare Rabi, sai ta faɗa mini dalili: wai wani ya gan ta tana loda buhunan ɓawon gyaɗa a adaidaita sahu, ya kai muku labarin cewa sana'ar gawayi za ta buɗe da sunan karatu. Wallahi na yi dariya har ƙulin da ke kasko ya ƙone. Daga baya kuma raina ya ɓaci.

Na ɗaya, ɓawon nan nawa ne, buhu huɗu, da shi nake hura wuta. Ni na ba ta.

Na biyu, gaskiya ne ƙona shi take yi. Amma abin da take fitarwa ƙwayoyin gawayi ne da suka fi garin kwalli laushi nesa ba kusa ba, ido ba ya ganin guda. Yadda ta fahimtar da ni, ana so a ɗora musu maganin ciwon daji, su bi jini su sauke shi a kan ƙarin da ciwon ya fito da shi, maimakon ya watsu a jiki duka. Sannan a haska wurin da wani irin haske, su ɗauki zafi kamar baƙin mayafi a rana, su ƙona cutar daga ciki. Ta ja mini kunne kada in je gidan suna ina shelar an sami magani, domin har yanzu gwaji ne a kwalabe da jikin ɓeraye. Na kame bakina, da ƙyar.

Na uku, wannan ciwon na san shi. Shekara shida da suka wuce aka cire mini nono ɗaya a Kano. Sau shida aka ɗaura mini ruwan magani. Ya kashe cutar, alhamdu lillahi, amma bai bar ko gashin gira ba, farcena ya yi baƙi, ƙamshin man gyaɗar da nake ci da shi ya koma sa ni amai. Rabi ce mai riƙe mini roba. Maƙwabciyata Ladi ta ga yadda na koma, da nata ciwon ya fito ta ce ba asibitin da za ta. Bara muka yi mata sutura. Yau ga ni garau, gashina ya dawo fari fat, jikoki na tsokanata da amaryar auduga.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka kira Rabi ka saurare ta na minti goma, sannan ka sa hannu. Shi kuwa mai kai labari, kada a yi masa komai. Ya zo in ba shi buhu, mu ga yadda zai sayar da gawayin da ba a gani.

Ranar Alhamis zan shigo motar farko da ƙuli leda biyu. Ba toshiyar baki ba ce, ko ka sa hannu ko ba ka sa ba, naka ne. Amma in a'a ce amsar, kada ka aika wa Rabi a takarda. Ina bakin ƙofarka, ni za ka kalla ka faɗa wa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya zuri'a, ya sa kada kai ko naka ku taɓa sanin wannan ruwan magani.

Wassalam.

Hajiya Uwani mai ƙuli-ƙuli, Roni.