Kunnen Munira

Nguru

Zuwa ga taubashina kuma bawana, Musbahu.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, da Kawu da mutanen gida da duk Gashuwa. Matata, ƙanwarka Rahima, tana gaishe ka. Amaryarka ta gobe, ƙanwata Asta, ta ce kada in gaishe ka, to na gaishe ka.

Na rubuto ne don in na kira waya, da ka ji muryata sai ka fara dariya, maganar nan kuwa ba ta dariya ba ce. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san allo kaɗai na riƙe.

Musbahu, ina jin 'yata Munira ba ta ji. Kowa yabonta yake, wai yarinya mai haƙuri, injin niƙan maƙwabta na ruri tana barcinta. Jiya na laɓe bayanta na buga faranti da ludayi. Kaji suka watse, Rahima ta zubar da miya, Munira ko ƙifta ido. Na kira sunanta ta dama, na kira ta hagu, tana ta wasa da yatsun ƙafarta.

Na gaya wa Inna. Ta ce ni na kashe mata kunne, tunda ranar suna na hura ledar fiya-wata na fasa a bayan Inna tana riƙe da ita. Yanzu kullum sai ta ɗiga mata man zaitun a kunne tana hararata. In na zauna bakin kwandon bandata a kasuwa, mai saye na magana hankalina na gida.

Don Allah ka tambayi Kawu labarin Baba Abatcha na Dagona, ƙanen kakanmu. An ce aljani ne ya mare shi a bakin ruwa. Ka tambaya ko kafin marin ya taɓa yin magana.

Naka, ubangidanka,
Mudi

Nguru

Zuwa ga Musbahu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar Kawu? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso ta hannun direban Gashuwa. Ashe Baba Abatcha tun yana goye ba ya ji, kuma akwai wata 'yar uwarsu da aka aurar Jajimaji, ita ma haka. Da na karanta sai da na zauna.

Mun kai Munira asibiti, daga nan aka tura mu Kano. Rahima zazzaɓi ya hana ta zuwa, ni kaɗai na shiga wurin likita. Sun manna wa yarinyar wayoyi a kai tana barci. Na gaya masa maganar leda, ya leƙa kunnen ya ce dodon kunnenta lafiya lau, ledata ba ta yi komai ba. Wallahi har na fara washe baki.

Sai ya zana mini. Wai can ciki, inda man Inna ba zai taɓa kaiwa ba, akwai wani abu a nannaɗe kamar katantanwa. Cikinsa 'yan gasu ne a tsaye, kamar ciyawar kacalla a fadama, a samansu kuma wani tantani mai laushi ya kwanta, kamar yanar kunu in ya huce. In sauti ya shigo, gasun su goga jikin tantanin, shi ne mutum ya ji. A wasu dangi tantanin ba ya haɗuwa daidai tun a ciki. Ya ce shi yake zargi, sai an gwada jini za a tabbatar. Ya tambaya ko ni da Rahima 'yan uwa ne. Na ce 'yar kawuna ce. Ya ce irin wannan sai uba ya kawo rabi, uwa ta kawo rabi, su kuwa kunnensu garau, ba su san suna ɗauke da shi ba. Kuma yana iya sake faɗawa kan wani ɗan.

Akwai na'urar da za a gwada mata. Bai yi mini alkawari ba.

A mota ina ta tunanin huɗubar da na yi mata a kunne ranar da aka haife ta. Ko ta ji?

Ka sa mu a addu'a.
Mudi

Nguru

Ɗan uwana Musbahu,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Mu da sauƙi.

Da na dawo na ce wa Inna likita ya ce ledata ce. Na ga gara a ci gaba da zagina, na saba, da a ce jinin gidanmu ne a fara nuna wa Rahima yatsa. Inna ta yi ta faɗa, na sunkuyar da kai. Har na ji daɗin dabarata.

Rahima ce ta ƙi yarda. Ta ce ta san fuskata in ina ƙarya, tun muna yara take kama ni. Na gaya mata komai. Ta yi kuka, ta share, sannan ta tambaye ni abin da ban yi tunani ba: Asta fa?

Musbahu, kai wan Rahima ne, Asta ƙanwata ce. Jinin da ya haɗu a kan Munira shi ne zai haɗu a gidanka. Na ji Kawu zai turo a sa rana bayan Sallah. Na ga yadda Asta ke ɓoye murmushi in an ambaci Gashuwa, kuma na san kai ma ba ka da magana sai tata. Ban ce ku fasa ba, ban isa ba, ji da rashinsa duk na Allah ne. Amma ba zan bari ku shiga da ido rufe don in rufa wa kaina asiri ba.

Gobe da safe zan je in gaya wa Inna gaskiya, Rahima ta ce za ta raka ni. Ban san me za ta yi ba. Asta kuwa ban iya kallon idonta ba tukuna. Ka roƙi Kawu ya dakata da aiken, ka shigo motar farko. In za a gaya mata, gara kana zaune a wurin.

Ɗan uwanka,
Mudi