Muryar Inna Ba Ta Cikin Kwamfutarki

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan randa a tsakiyar zafi, uwar 'ya'yana, kuma shugabar masu taurin kai ta duniya da kewaye.

Kin sha yi min gori cewa tun da muka yi aure ban taɓa rubuto miki kalmar so ba, sai saƙon "gas ya ƙare". To, yau ga ta. Na san kin kafa doka cewa in maganar kwamfuta ce kada in kira ki, amma dokar ba ta ambaci wasiƙa ba. Ki zauna, ki cire takalmi, ki karanta har ƙasa.

Tun da aka mayar da ke sabon reshen ofishinku, gidan nan ya zama rijiya ba guga. Mawaƙa sun ce rabuwa wuta ce. Ni dai abin da na gani, rabuwa ita ce mutum ya haɗa shayi kofi biyu, ya tsaya yana kallon ɗaya yana hucewa. Tabaranki na karatu yana nan bisa firij inda kika manta shi, yana hararata a madadinki. Auta ta ce girkina ya fi kama da horo. Wa zai ce min na cika surutu? Wa zai ja bargo duka ya bar ni da addu'a? Wayyo ni, tauraruwata!

Kin tuna yammacin da mahaifiyata Inna, Allah ya jiƙanta, ta rungumi Auta tana jaririya a kujerar bakin taga, tana yi mata waƙar reno? Kika tura wayarki ƙarƙashin matashi kina ɗauka a ɓoye, don ta tsani a naɗi muryarta. Ana tsakiyar waƙa na shigo, ta katse ta ce, "Kai, ɗan boko, rufe ƙofar nan, kana sako wa jikata iska!" Kika toshe baki da gyale kina dariya har hawaye. Wayar ta daɗe da mutuwa. Abin da ya rage mana na muryar Inna a duniya shi ne fayil ɗin nan guda, wanda kika ajiye ta kwamfutarki a wurin da kika raɗa wa suna "Ɗakina".

Farin watana, a nan gizo ke saƙa. Wannan ɗakin ba naki ba ne, aro ne. Yana cikin babbar na'urar tsohon ofishinku. An dai laƙa masa harafi irin wanda ake ba faifan ajiya, ya jeru da na kwamfutarki kamar ɗan gida. Shi ya sa yake buɗuwa a wurin aiki, a gida kuwa ya ƙi, ki ce ni na taɓa miki wani abu.

Na san ƙaninki, Injiniyan Dangi, ya duba ya ce ki kwantar da hankalinki. Hujjarsa ita ce adireshin fayil ɗin bai fara da karkatattun sanduna biyu ba, alamar abin da ke nesa. Allah sarki! Ai baƙon da ya sa rigar gida ba a gane shi daga riga. Da safen da za ki tafi, kina ɗaure akwati, na rubuta 'yan layukan umarni na tambayi kwamfutar da kanta: harafin nan, faifan cikinki ne ko na waje? Ta amsa ba kunya: na waje. Na buɗe baki ke nan kika rufe ta, saura ƙiris ki haɗa da yatsuna, kika ce, "Malam ya fara darasi, direba na jira."

Ke da bakinki kika ce min ƙarshen watan nan za su kashe tsohuwar na'urar su goge ta. Masu gogewa ba su san Inna ba, zumata. A wurinsu fayil ne cikin dubu.

Don haka ga roƙona, kuma ban taɓa roƙon ki abin da ya kai shi ba. Ki zuge aljihun ciki na jakarki ta ofis, inda kike ɓoye alewar da kike cewa ba kya sha. Na saka filashi a ciki. Gobe da kin isa, kafin gaisuwa, kafin shayi, ki kwafe fayil ɗin a kai. Sannan ki katse intanet ɗin kwamfutar gaba ɗaya, ki buɗe shi daga filashin. In ya yi magana, to ya zama namu.

Ba sai kin ce na yi gaskiya ba. Ki gaya wa ƙaninki ke kika gano. Zan ba da shaida. Ki dai kira ni, ki kara wayar kusa da sifika, kada ki ce komai. Zan zaunar da Auta kusa da ni ta ji waƙar da aka yi mata, ni kuma in ji an sake ce min ɗan boko. Wallahi zan tashi in rufe ƙofar.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a rufe ni da bakin nan nawa mai yawan gyara,

Mijinki.