Ruwan Jirginku Fes Yake, Amma Shi Ya Kashe Baba Adam

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin jiragen shaƙatawa da nake wa aiki a Kogin Nilu, Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ranka ya daɗe, sau biyu ina rubuto maka da Larabci, ina miƙa wa mai gadin ofishinka. Na gaji da hawa mota tun daga unguwarmu Hayyin Ashir don kawai a ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri. Wannan karon da Hausa na rubuta, a fili, ko kai ba ka karanta ba 'yan uwana za su karanta. Ni ɗalibin fiƙihu ne, ina gyaran ɗakuna a jirginku lokacin hutu.

Na ɗaya. Tun da baƙi suka ɗauke ƙafa bayan juyin juya hali, jirgin ya fi shekara ɗaure a gaɓa, ruwa na kwance a tanki da bututu. Da za a dawo da shi aiki, aka ce ni da Baba Adam mu bi ɗaki-ɗaki mu buɗe kowace shawa ta yi ta zuba. Baba Adam Bahaushen Sudan ne, dattijo, mazaunin unguwar Arba wa Nus, mai 'ya'ya biyar. Kwana uku muka yi a banɗakunan da ba taga, feshi da tururi na dukan fuskarmu. Ko ƙyallen rufe hanci ba a ba mu ba.

Na biyu, kuma wannan laifina ne, ba zan ɓoye ba. Ruwan bai kwanta wa Baba Adam a rai ba. Da yake ni ne mai karatu, sai ya tambaye ni. Na tara a tafin hannu, na duba launi, na sansana, na ɗanɗana, kamar yadda aka koya mana a babin tsarki: in babu abin da ya canza cikin ukun nan, ruwa mai tsarki ne. Har da ɗan taƙama na ce masa ko alwala ce ya yi abinsa. Ya kuwa yi. Hukuncin tsarki na sani, ban san akwai cutar da ba ta canza launin ruwa ba. Ku kuwa kuna da injiniya, kuma ya san shekarar da tankin ya yi ba a taɓa shi ba.

Na uku. Mako bai cika ba zazzaɓi da tari suka kwantar da mu. Ni na tashi, shi numfashi ya gagare shi. Likita ya ce ciwon huhu ne da ake kira Lijiyonela, ƙwayarsa na hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ya daɗe a kwance, kuma ta hanyar shaƙar feshi take shiga mutum. Mu ga mu nan muna ta kaffa-kaffa da ruwan sha, sai na kwalba, ashe ta hanci abin zai zo. Ranar Alhamis muka binne shi. Manajan jirgi ya ce wai sigari ce, khalas, magana ta ƙare. Baba Adam ko warin taba ba ya so.

Na huɗu, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami duk da gajiyata. Asabar mai zuwa za a buɗe shawoyin jirginku na biyu, wanda ya fi na farko daɗewa a ɗaure. Ɗalibai huɗu aka ba aikin, kuma ni na kawo su kamfanin nan da bakina.

Roƙona kaɗan ne. A ɗage aikin Asabar. A zubar da ruwan tankin, a wanke, a sa magani, a kai awo kafin wani ya shiga banɗaki. A gaya wa iyalin Baba Adam gaskiyar abin da ya kashe shi, a daina ɗora masa sigari.

Jiya Haruna, ɗaya daga cikin huɗun, ya zo mini da ruwan jirgi na biyu a kwalba, wai in duba musu, tunda har yanzu ni ne malam. Na ɗaga kwalbar a rana. Fes yake, Ranka ya daɗe, kamar wancan.

Allah ya ja kwananka, ya ba ka ikon gyarawa kafin Asabar, ya tsare 'ya'yanka daga irin wannan ruwa. Allah ya jiƙan Baba Adam, ya yafe mini fatawar da na ba shi.

Wassalam.

Sanusi,
Hayyin Ashir, Alƙahira.