Goron da Baba ya ci

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa na wannan gida. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara, na gaji da juya maganar nan ni kaɗai, ko abinci ba ya mini daɗi.

Ni mace ce, ina aure a Kalpohin nan Tamale, ɗinki nake yi a gida, gidanmu kuma yana Bulpiela. Mu biyu ne a wajen mahaifiyarmu Mma, ni da ƙanena, bari in kira shi Awudu ko da yake ba sunansa ba ne. Da can yalo-yalo yake tuƙawa, keken hayan nan mai ƙafa uku. Shekarun baya 'yan sanda suka tare shi a kan inda ya tsaya ɗaukar fasinja, gardama ta haɗa su, shi kuma Allah ya hore masa baki, ba ya barin ta kwana, ban ce ba shi da nasa laifin ba. Suka tafi da shi caji ofis. Da aka sako shi muƙamuƙinsa ya kumbura suntum, kunnen hagu yana zubar da jini. Kunnen nan ya mutu, na daman ma sai ka matso ka ɗaga murya. Wanda ba ya jin hon kuwa ba ya tuƙi a Tamale, babura kaɗai sun ishe shi, don haka ya haƙura, yanzu yana taya wani mutum faci a bakin titi.

A lokacin matasan unguwa sun tashi da zafi, sai manyan 'yan sandan suka aiko wakilai wajen dattawanmu da ƙwaryar goro. Wanda ya tashi a zango ya san yadda ake yi, a shimfiɗa tabarma, masu laifi su ba da haƙuri, uban wanda aka zalunta ya fasa goro ya ci, a raba wa kowa, liman ya shafa Fatiha. Daga nan magana ta mutu, duk wanda ya sake tono ta ya tozarta kowa da ya zauna a tabarmar. Baba ya ci. Ina bayan ƙofa cikin mata, na ga lokacin da ya ci, mu ma aka miƙo mana namu muka ci. An yi alkawarin za a hukunta wanda ya yi dukan, aka ce an canja masa wajen aiki, daga baya na gan shi da idona a wani shingen 'yan sanda a hanyar ƙauyen mijina, har an ƙara masa igiya. Baba ya rasu bai sake ɗaga maganar ba, kuma dattawan nan su suka yi masa wanka suka kai shi, su suka tsaya wa Mma har yau, wannan ba zan ɓoye ba.

To kwanan nan ake ta faɗa a rediyo cewa majalisa tana duba wani ƙudirin doka na gyara aikin 'yan sanda, a ciki har da kafa wani ofishi mai zaman kansa da za a riƙa kai ƙararsu, ba su su binciki kansu ba. Ni ko ɗaga kai ban yi daga keken ɗinki ba, mun sha jin irinsa. Sai aka ce kwamitin onarabul ɗin, wato 'yan majalisar, zai zo Tamale ya saurari jama'a kafin su koma Akra su ci gaba da muhawara. Nan ma na ce su zo lafiya su koma lafiya.

Ashe abin a gidanmu zai sauka. Asambiliman ɗinmu, wato kansilan unguwarmu, ya je wajen Mma ya ce dattawa za su tura wakilai gaban kwamitin, su roƙi a sa a cikin dokar cewa duk maganar da manya suka riga suka sasanta a gida kada sabon ofishin ya taɓa ta, don sulhu shi ke riƙe da zaman lafiyar unguwa. Kuma misalin da za su bayar Awudu ne. Suna so shi da Mma su zauna a layin gaba. Ya ce mata, "Mma, ba sai ya yi magana ba koraa, ko kalma ɗaya, in an nuna shi ya miƙe a gan shi, ya zauna, shi ke nan." Mma ta ce to. Aka kira Awudu aka faɗa masa a kunne, ya gyaɗa kai ya fita.

Washegari da hantsi sai ga shi a gidana, ya zauna kusa da keke yana wasa da ƙyalle. Can ya tambaye ni wai da gaske ne a irin wannan zama duk wanda ya ɗaga hannu ana miƙa masa makirfo? Na ce haka na ji. Ya ce in an tayar da shi ba zai koma ya zauna ba sai ya faɗi abin da aka yi masa, da inda mai dukan yake yanzu. Abu ɗaya ya rage masa. Ya ce, "Yaya, in sun yi mini tambaya ba zan ji ba. Sai kin zauna a damana kina maimaita mini. In ba ke, zan ba su amsar wani abu daban a yi mini dariya, gara in yi shiru."

Na ga bai kamata in yi abu a bayan Mma ba, sai na je na faɗa mata. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta ce ubanmu ya ci goro a gaban mutane, yanzu da yake kabari ne za mu mayar da shi maƙaryaci? Ta ce ni aure na yi na bar Bulpiela, ita ce za ta ci gaba da gaisawa da matan dattawan nan a wajen suna da makoki. Ta ce Awudu ciwo ne ke cinsa, ta yi masa uzuri, amma ni da hankalina, in na zauna kusa da shi ranar nan kada in sake taka ƙofarta, kuma ba ta yafe mini nonon da na sha ba. Mma ba ta faɗin abu ta janye, na san ta.

Mijina shi ma ya ce in cire hannuna. Ya ce onarabul za su saurara, su sha ruwan gora, su hau jirgi, mu a bar mu da 'yan sandan da dattawan a gari ɗaya. Wallahi ban iya musa masa ba. Ni kaina ban yarda dokar za ta wuce ba, ko ta wuce ban san me zai rage a cikinta ba bayan kowa ya yanki nasa. In rasa albarkar uwata a kan abin da wataƙila a ajiye shi a wani ofis ya sha ƙura? Wannan lissafin na yi, na shirya na tafi wajen facin in ba Awudu haƙuri.

Na tsaya a bakin titi ina ta ɗaga murya a kunnensa, mutane na kallonmu, ina tuna masa Baba da goro da Fatiha. Ya bari har na gama. Sannan ya ce ranar da aka yi zaman yana kwance a ɗaki, Mma ta kawo masa nasa ɓarin goron, bakinsa ba ya buɗuwa, sai ta ajiye a kan taga, a nan ya bushe har aka share shi. Ya ce, "Kowa ya ci, Yaya, har ke. Ni ne ban ci ba, kuma ba wanda ya tambaye ni." Ya sunkuya ya ci gaba da duba tayarsa a ruwa. Na juyo na dawo gida.

Shi ya sa na kawo muku. Masu ilimi a cikinku, yafewar uba tana hawa kan ɗan da aka nakasa ko da ba a tambaye shi ba? Ni da na ci goron, in na ara masa kunne kawai ban buɗe baki da tawa maganar ba, na karya alkawarin Baba? Iyaye mata, akwai hanyar da zan bi Mma ta sauko? Ranar Alhamis ne zaman, ko da ni ko ba ni za a kai shi a nuna shi. Ya riga ya kawo mini rigarsa ta Juma'a in gyara masa wuya, tana nan a kan keke ban taɓa ta ba. Don Allah ku faɗa mini, in zauna a damansa ko in zauna a gida?