Na Mayar Da Maganar Idon 'Yata Wasa

Yaya, ki taimake ni. Ni mai facin taya ne, karatuna bai yi nisa ba, sai ki yi haƙuri da rubutun.

'Yarmu ta fari, wata tara, ba ta taɓa yi wa fuskata dariya ba, alhali manya suna yi ko ban motsa ba. Na yi gwalo, na karkace baki, shiru. Rannan na kifa tukunya a kai ina rawa, na ci karo da ƙofa, goshi ya fashe. Sai da ta ji ƙarar ta ƙyalƙyale. A asibiti, matar da ta ɗinke ni ta lura idanun yarinyar suna rawa, ta tura mu wurin likitan ido.

Ni kaɗai na kai ta, uwar tana wurin aiki. Likita ya ce jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa ba ta gama girma ba tun a ciki, idanun biyu duka. Na tambaya ko ana yi mata faci, bai yi dariya ba. Ya ce mu dawo tare da uwar a gwada jinin yarinyar.

Da na iso gida sai bakina ya riga hankalina. Na ce wa matata ba komai, son kallo ta gado wurin ubanta. Jiya ta sayo mata jar ƙwallo tana ta kaɗa mata. Ni kuwa ko a wurin faci tambaya ɗaya nake yi wa kaina. Shin 'yata za ta girma ba ta san fuskar uwarta ba? Ranar komawa asibiti ta wuce, har yau ban gaya wa matata ba.

Baban Yarinya

Sannu, Baban Yarinya. Tsoro ne ya sa ka, ba mugunta ba, amma ɓoyon ya fara cutar da yarinyar.

Wannan lalura ba laifinka ba ce, ba na uwarta ba. Tiyata ba ta gyara jijiyar, sai dai wasu yaran ganinsu yakan ƙaru a shekarun farko. Gwajin jinin nan kada ka yi wasa da shi: lalurar takan zo da matsalar girman jiki, wadda ake magancewa in an gano da wuri. Kada a ɗiga mata komai a ido. Ka yawaita yi mata magana, ka bar ta ta shafa fuskarka.

Matarka kuwa tana bin ka bashin gaskiya. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi. Ka zauna ka sha, kada ka sa wasa. Ka biya bashin yau, gobe ku tafi asibiti ku uku. Allah Ya ba ta lafiya, Ya ƙarfafa muku zuciya.