Lubuto Mai Lasar Dutse

Kasama

Zuwa ga surukina, Baban Lubuto,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya a Kitwe. Jikata ta iso hutu lafiya, amma ba za ta koma maka ba. Shekaranjiya na kama ta a bayan gidanmu ta tsinci dutse tana lasa. Lasa fa, da harshenta! Matan cocinmu sun gani, har Maman Chanda mai dogon baki ta tambaye ni ko yunwa ake horar da yara da ita a birni. Akwatinta kuwa ba komai sai littattafai da tsakuwa. Tun da 'yata Musonda ta rasu na yi shiru na bar maka yarinyar, alhali ka san a wajenmu ɗa na dangin uwa ne. Shirun ya ƙare.

Ka huta lafiya,
Kakar Lubuto

Kitwe

Mama,

Ina gaishe ki a durƙushe. Kina da iko da Lubuto, ban musa ba. Amma wallahi ba yunwa ba ce. Busasshen dutse ba ya nuna launinsa sai an jiƙa shi, in kuma ya manne wa harshe to akwai yumɓu a cikinsa. Haka masu binciken duwatsu suke yi. Ranar da na fara ganin Musonda a wajen haƙar tagulla, dutse take lasa, na ce a raina wannan kyakkyawa ta zare.

Littattafan na Musonda ne. Ni direba ne, ban san komai a ciki ba. Nakan karanta babi in rigayi yarinyar, ranar Asabar mu fita da guduma da lemun tsami, mu ɗiga wa duwatsu mu ga wanda zai yi kumfa. Yanzu ita ke gyara mini. Mama, ina alfahari da ita har kunya nake ji. Kafin ki yanke hukunci, ki ba ta dutse ɗaya ki tambaye ta.

Ɗanki,
Kangwa

Kasama

Baban Lubuto,

Na gaishe ka. Na tara matan, na ajiye wa Lubuto dutsen niƙana. Ta jiƙa shi, ta nuna mana launi uku a abin da na tsufa ina niƙa gero a kai. Ta ce, "Kaka, wannan da narkakke ne a ƙarƙashin ƙasa, a hankali ya huce, shi ya sa ƙwayoyinsa manya." Maman Chanda ta ruga gida ta kinkimo nata.

Shekara da shekaru ina gaya wa mutane 'yata na aikin ma'adinai, ban san me take yi ba sai jiya. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Ka zo ka ɗauke ta. Ba ni zan raba ta da uwarta karo na biyu ba.

Allah ya kawo ka lafiya,
Mamarka